Kawu, da Golan da Ya Ƙi Saki

Wanda ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa ranar wata Talata, bayan 'yar gajeriyar jinya. Kafin la'asar unguwarmu ta Sharafiyya ta cika da tsofaffin 'yan ƙwallo. Ban san yawan mutanen da suka bi ta hannunsa ba sai da na ga an jera kujeru a layinmu tun daga ƙofar gida har bakin titi, kuma ba su isa ba. Ga masu tumbi, ga masu furfura, ga masu ɗingishin gwiwa irin wanda fili mai tsakuwa ke bar wa mutum. Wani direba ya ajiye motarsa a karkace, ya shigo yana kuka wiwi yana cewa, "Wallahi kallo ɗaya ya yi min a fili na bar sigari har yau." Wani dattijo ɗan Sudan kuwa ya zauna yana ta girgiza kai har shayinsa ya huce. Samarin da aka haifa a nan Jidda, waɗanda Hausa ke yi wa nauyi a baki, suka yi layi suna dafa kafaɗunmu ɗaya bayan ɗaya, suna yi mana ta'aziyya, suna cewa, "Azzamallahu ajrakum, ya ammi. Koci ya tafi, khalas."

A maƙabarta, bayan an rufe shi, ɗansa na fari, wato taubashina, ya juyo ya fuskanci jama'a. Ya ce duk wanda mahaifinsa ya ɓata wa, da saninsa ko babu, ya dubi Allah ya yafe. Muryata ta fi ta kowa tashi. Na ce, "Mun yafe, duniya da lahira!" Da zuciya ɗaya na faɗa, don a lokacin ban san akwai abin yafewa tsakanina da Kawu ba. Sai ranar ƙarshe ta zaman makoki na sani, kuma tun daga ranar tambaya ɗaya ta hana ni sakat: yafewar da mutum ya yi bai san abin da yake yafewa ba, ta hau ko ba ta hau ba? Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na so a manta da Kawu, kuma ba na so a tuna rabinsa kawai.

Wan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bar gida tun yana saurayi, ya daɗe a Sudan, a can ya auri Inna, sannan suka tsallako Jidda. Sana'arsa gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma a garin da zafi ke dafa mutum a tsaye, mai wannan sana'a ba ya rasa gaisuwa a hanya. Amma in ka tambayi mutanen unguwa wane ne shi, babu mai ce maka mai gyara. Koci za a ce maka. Shi ya kafa ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, ya riƙe ta har ranar da ya kwanta. Kullum yana cikin jallabiya fara, asuwaki a baki, kuma a aljihunsa na gefe ba ka rasa usur da allura da zare. In safar hannun gola ta yage ana cikin wasa, a tsaye yake ɗinke ta, idonsa na kan fili. Ba a take ƙwallo sai an yi la'asar a jam'i, ko da abokan karawa sun gaji da jira suna ta "yalla, yalla."

Rigimarsa da direbobin manyan motoci har yau ana ba da labarinta. Sun wayi gari sun mai da filinmu wurin ajiye motocinsu. Samari suka ce a sace iskar tayoyin. Kawu ya ce duk wanda ya taɓa tayar wani ya bar ƙungiya. Ya ɗauko kujerarsa da butar shayi ya zauna daidai inda raga take, a tsakiyar rana. Duk direban da ya shigo sai ya miƙe ya tarbe shi, ya zuba masa shayi, ya tambayi iyalinsa da garinsu, sannan ya ce, "Bismilla, ajiye motarka a kaina, ni ne fili." Bai yi zagi ba, bai kai ƙara ba. Kunya ce ta kore su, har wani daga cikinsu ya dawo daga baya ya kawo mana ƙarfen da muka yi turakun raga.

Ni da umra na shigo, ban koma ba. A tashar mota Kawu ya karɓe ni, ya dube ni sama da ƙasa, ya kama hannuwana ya juya su kamar mai sayen rago, ya ce, "Yaya aka yi ƙanwata ta haifi gola ba ta sanar da ni ba?" A ɗaki ɗaya muka kwana da taubashina, a kwano ɗaya muka ci. Kawu ya koya min gyara, ya koya min lungunan da mara takarda zai bi da waɗanda ba zai bi ba. Shi ya yi ta sintiri gun mutane har ya samo min kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, na koma gida na dawo ta hanyar da ta dace, na riƙe iƙama, takardar izinin zama, a hannuna. Ranar da ta fito, hawayen da ya yi sun fi nawa. Wannan alheri ne, ban rage masa komai ba, kuma ba zan rage ba.

A bayan shago ya koya min tsaron gida. In aiki ya yi sauƙi sai ya tsayar da ni ina fuskantar bango, shi kuma ya koma bayana yana maka ƙwallo a bangon, ni ban san ta inda za ta dawo ba. In ta wuce ni sai ya ce, "Je ka ɗauko." Dokarsa ke nan har a fili: in aka ci gola, babu ɗan bayan da zai shiga raga ya ɗauko masa ƙwallo, shi zai sunkuya da kansa kowa na kallo. Yana da wata magana da yake yawan faɗa wa 'ya'yan masu hali in sun zo da sabon takalmi suna taƙama: "Ƙwallo ba ta san ɗan wa kake ba." Na ji wannan magana a bakinsa ya fi a ƙirga, kuma na yarda da ita kamar karatu.

Sai dai golan ƙungiya na farko taubashina ne, ni na biyu. Benci na zauna. Ba mako ɗaya ba, ba shekara ɗaya ba. Taubashina, da yake akwai wasa tsakaninmu, ya laƙaba min suna mai gadin benci. In zai shiga fili sai ya miƙo min agogonsa ya ce, "Riƙe min, ya ɗan Gwaggo, aikinka ke nan." Ni kuma in ce, "Je ka, ɗan Kawu, kwando ya fi ka riƙe ruwa." A yi dariya. Ni ma ina dariya, don na ɗauka wasa ne tsakanin 'yan'uwa.

Sau ɗaya na tsare babban wasa. Wata Juma'a ce za mu kara da 'yan unguwar Ruwais, ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi a lokacin, aka nemi taubashina sama ko ƙasa aka rasa. Kawu ya tauna asuwakinsa ya tauna, sannan ya jefo min safar hannu bai ko dube ni ba. Ranar ko ƙuda bai wuce ni ba. Har fenariti na kaɗe ana dab da tashi. Da aka busa, kocin Ruwais ya tako har tsakiyar fili ya riƙe hannuna ya daɗe yana kallona, sannan ya tafi. Juma'ar da ta biyo, taubashina ya riga kowa zuwa fili, tun ba a ɗaura raga ba. Kawu ya ba shi safar hannu, ni na koma benci.

Na daure na daure, ranar nan muna kwance wani mukayyif a shago na ce, "Kawu, bayan wasan nan babu wanda ya tambaye ni?"

Bai ɗago kai ba ya ce, "Wa zai tambayi golan da ya tsare wasa ɗaya? Zauna ka nuna tukuna. Ajiye ka nake yi."

Na ji kunyar tambayar, har na ba shi haƙuri. Na sake tambaya bayan wani lokaci, amsar ba ta canza ba, sai na daina. Na sa wa raina cewa wasan Ruwais sa'a ce kawai, ban kai ba. Da wannan na girma, da shi na yi aure, har gwiwa ta fara ciwo na koma mai horar da gololin ƙungiya. Mutum ya ɗauki shekaru yana ganin kansa ƙarami, abin yana shiga har yadda yake magana da matarsa da yadda yake tsayawa a gaban kafili.

To, ranar ƙarshe ta zaman makoki, bayan la'asar, aka kawo wani tsoho a keken guragu. Kocin Ruwais ne, ya tsufa ƙwarai, ido ɗaya ya yi fari. Ya bi layin masu karɓar gaisuwa har ya zo kaina, ya riƙe hannuna, sai ya ƙi saki.

Ya ce, "Kai ne! Wallahi kai ne golan da ya ƙi mu. Har yau ina ganin yadda ka faɗi dama ka kaɗe fenaritin nan."

Na ce, "Baba, ni?"

Ya ce, "Kai mana, ya waladi. Sau nawa na zo shagon marigayi a kanka? Na ce ya ba ni kai in ba shi ɗan gabana mafi kyau. Na dawo na ce in ƙara masa ɗan baya. Kullum sai ya ce, 'Na faɗa wa yaron, ya ce ko za a yanka shi ba zai bar kawunsa ba.' Na ce masha Allah." Ya juya ga jama'a yana ɗaga hannuna sama. "Ku ga amana! Yanzu ina ake samun irin wannan? Wanda muka ɗauka a madadinsa bai kama ƙafarsa ba, amma wani kamfani ya gan shi a gasar azumi ya ɗauke shi ƙungiyar ma'aikatansa, ga aiki ga gida. Wannan kuwa ya zaɓi kawunsa."

Jama'a suka ɗauka da "masha Allah, masha Allah." Wani ma ya buga min baya. Ni kuwa ina tsaye ina murmushi kamar wawa. Ana yabona a kan amanar da ban taɓa sanin an gwada ni da ita ba. Ban taɓa jin an ci amanata irin ta wannan rana ba, kuma wanda ya ci ɗin muna zaune muna karɓar gaisuwarsa.

Na fara nema masa uzuri, don haka ake yi wa mamaci. Na ce ko tsoron takarda ne, kada in fita unguwa a kama ni. Amma a lokacin iƙamata na aljihuna, shi ya samo min ita. Na ce ko tsohon Ruwais ne ya ruɗe. Amma mutumin da ya tuna ɓangaren da na faɗi na kaɗe fenariti bai ruɗe ba.

Da aka kwashe kujeru na shiga wurin Inna. Tana zaune a kan darduma cikin takaba, carbi a hannu. Inna mace ce da ba ta iya kwana-kwana ba, shi ya sa ita na nufa.

Na ce, "Inna, 'yan Ruwais sun nemi ni?"

Ta ajiye carbin. Ta ce, "Sun nema."

"Me ya sa bai faɗa min ba?"

Ta ce, "Saboda ɗan'uwanka. A shekarun nan ya fara bin wasu yara, kwana a bakin teku, tseren mota, abin da ba na son in faɗa ina cikin wannan hali. Duka bai yi ba, faɗa bai yi ba. Abu ɗaya ke tashinsa daga barci ya kai shi fili, tsoron kada ka ƙwace masa raga. Kawunka ya ce muddin kana bayansa a zaune, yaron ba zai ɓace ba. In ka tafi, shi ma ya tafi."

Na ce, "Ashe ya san na fi shi."

Ta ce, "Har makaho ya sani."

Na ce, "Inna, ni ma fa ɗan wata ne. Uwata ta turo ni wurin wanta."

Hawaye na bin fuskarta. Ta ce, "Na faɗa masa haka, da bakin nan nawa. Ya ce zai gaya maka in komai ya daidaita. Komai ya daidaita, sai kunya ta hana shi. Ni ba zan ce maka ka yafe ba, ɗana, ban da bakin. Ka je ka yi tunani."

Da ta roƙe ni, da na samu wanda zan yi wa faɗa. Ba ta roƙa ba, na fito da abina a ciki.

Bayan 'yan makonni taubashina ya kira ni shago, don ƙungiya ta koma hannunsa. Yanzu golanmu na biyu ƙanin matata ne, ɗan Nijar, saurayi dogo mai hannu kamar faranti, yana dako a wani shagon kayan gini. Ya fi shekara yana benci. Taubashina ya ce 'yan unguwar Bagdadiyya sun aiko, suna son yaron, za su ba mu ɗan baya ɗaya, kuma sun yi alkawarin shi zai riƙa tsare musu gida.

Ya ce, "Ni ra'ayina a riƙe shi. Abuya, Allah ya ji ƙansa, ba ya sakin gola na biyu, ka sani. In yaron ya tafi, na farko zai yi sanyi, ya daina zuwa atisaye. Mu ce musu ya ƙi, khalas. Shi kuma ba sai ya ji ba, kada hankalinsa ya rabu."

Na dube shi. Yadda maganar ta fito masa sumul, ba gargada, ita ta ba ni tsoro.

Na ce, "Ɗan Kawu, lokacin da tsohon Ruwais ke zuwa shagon nan a kaina, kana ina?"

Ya kau da kai yana wasa da sukudireba. Can ya ce, "Ni nake kawo musu shayi."

"Ka sani ke nan."

"Na sani. Ma'alesh, yi haƙuri, ya akhi, yaro ne ni a lokacin."

"Yaro ne kai kake miƙo min agogo in riƙe maka? Kake ce min mai gadin benci?"

Ya ce, "Wallahi ba don kai ba, da yanzu ina kurkuku ko kabari. Ka ɗauka sadaka ce ka yi."

Na ce, "Sadaka mai ita ke bayarwa da hannunsa. Wannan ɗauka aka yi."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Maƙwabta suka leƙo. Na ce masa yaron nan zai ji, ko daga bakinsa ko daga nawa, kuma in riƙe shi za a yi, shi zai ce a riƙe shi. Ya ce ina rushe abin da mahaifinsa ya gina tun kabarinsa bai bushe ba. Na ce mahaifinsa ya gina abubuwa da yawa masu kyau, wannan ba ya cikinsu. Na ajiye masa mabuɗin akwatin ƙwallaye a kan tebur na fita. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, wasan taubasai ya mutu.

Na samu ƙanin matata a bayan shagonsu lokacin hutun azahar, siminti har gira. Na zayyana masa komai: wanda ya aiko, abin da suka yi alkawari, da abin da zai rasa in ya tafi, don Bagdadiyya ba 'yan'uwa gare shi a can ba, kuma in ya yi kuskure biyu su ma benci za su nuna masa. Ya saurara yana murza hularsa.

Ya ce, "Ni suka ce? Da sunana?"

Na ce, "Da sunanka."

Ya yi wata dariya da ban taɓa ji a bakinsa ba, ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Kafaɗunsa ma sai da suka buɗe. Ina kallonsa, ina murna, kuma wani abu na sukata a ƙirji.

Ya ce, "Bon, to. Amma Yaya, tsakani da Allah, da kai ne me za ka yi?"

Na ce, "Ban sani ba. Ni ba a tambaye ni ba."

Ya tafi Bagdadiyya. Ko zai yi nasara ko ba zai yi ba, wannan na Allah ne.

Kawu ya ciyar da ni, ya tufatar da ni, ya fitar da ni daga ɓuya, ya sa sana'a a hannuna. Kawu kuma ya dubi ɗansa ya dubi ɗan ƙanwarsa, ya zaɓa, ya bar ni ina ganin laifin hannuwana. Duka biyun shi ne, mutum ɗaya mai jallabiya da asuwaki. Ya Allah, ka yalwata masa makwanci, ka saka masa da yawun samarin da ya tsamo daga titi, har da wanda ya tsamo da ni. Roƙa masa gafararka ba ta yi min wuya, kullum ina yi bayan salla. Tawa ce nake buɗe baki in furta, yanzu da na san abin da zan yafe, sai harshena ya yi nauyi. Duk wanda ya karanta wannan ya yi wa Kawu addu'a, ni kuma ya roƙa min Allah ya ba ni ikon faɗarta kafin a kai ni inda aka kai shi.